Keken Wibin: A Koyi Zura Zare Kafin a Taka Feda

Gaisuwa ta musamman ga telolinmu, maza da mata, waɗanda na san yanzu haka rediyo na rataye a bango, ƙafa kuma na kan feda. Sannunku da aiki.

Kafin in shiga magana, ina da roƙo ɗaya. Kowa ya kama gefen rigar da ke jikinsa, ya juya cikinta. Ku duba inda aka haɗa ƙyalle da ƙyalle. Me kuka gani? Wani zai ga zare ya sarƙe bakin yadin, ya lulluɓe shi tsaf kamar kitso. Wani kuma zai ga bakin a sake, zare na ta zubowa. Rigar farko ta bi ta keken wibin. Ta biyun ba ta bi ba.

To, a kan wannan keke za mu yi magana yau. Mu nan Jalingo keken wibin muke ce masa. Wasu na cewa obalok. Kuma da mai koyo nake, yaro ko yarinyar da ke tsaye a bayan maigida, suna kallon keken nan suna jin tsoronsa. Maganar tawa guda ɗaya ce, zan kuma yi ta maimaita ta har mu rabu: a koyi zura zare kafin a taka feda.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya zama dole.

A da, iyayenmu teloli da hannu suke daje bakin tufa. Su kalmasa, su bi da allura. Babbar riga ta saƙi, ƙyalle-ƙyalle ake haɗa ta, aikin makonni. Da keken ƙafa ya zo, sai aka riƙa ninka baki sau biyu a bi da ɗinki. Yana da kyau, yana da ƙarko, amma yana cin lokaci. Yau kuwa zamani ya canja. Jalingo ta zama babban birnin jiha tun 1991, da aka cire Taraba daga tsohuwar Gongola. Ma'aikata sun cika gari. Jami'ar jiha ta zo a 2008, ɗalibai suka ƙaru. Kayan kanti na shigowa daga Aba da Anacha da Kano, ga gwanjo a kowace kwana. Duk rigar kantin da ka juya, za ka ga cikinta a tsaftace. Idon mai kaya ya buɗe. Hajiya ta sayo leshi mai tsada daga Kantin Kwari, ta kawo maka. Ranar karɓa, kafin ta dubi wuya ko hannu, cikin rigar za ta fara juyawa. In ta ga zare na zuba, ba lallai ta yi magana ba. Amma ba za ta dawo ba.

Yanzu bari in ba ku labarin da ya kawo ni wannan magana.

Ina da ɗiyar yaya da ta shiga koyon ɗinki a wani shago a Sabon Gari. Ta yi wata takwas. Ta iya yanka siket, ta iya sa zif, ta iya haɗa hannu. Amma keken wibin yana can kusurwa, an lulluɓe shi da tsumma. Ba mai taɓa shi sai uwar ɗakinsu da babbar yarinyarta. Ana saura kwana uku ƙaramar sallah, aiki ya yi musu yawa. Babbar yarinyar ba ta da lafiya. Sai aka ce wa tawa, zauna ki yi wibin ɗin nan. Ta zauna. Ta taka feda yadda ta saba taka keken ɗinki. Keke ya fizge yadi. Ashe hannun rigar ya naɗe a ƙasa ba ta gani ba. Kafin ta ɗaga ƙafa, wuƙa ta cinye shi. Shaddar mutane, jama'a, ana jibi jajibere.

Bai tsaya nan ba. Cikin ruɗewa ta ja yadin da ƙarfi, zare ɗaya ya tsinke. Duk yaran shagon babu wanda ya san hanyar da zaren nan ke bi. Keke ya tsaya cik, kaya jibge, har sai da aka nemo wani daga wata unguwa bayan la'asar. Da dare ta zo gida ido ya kumbura. Ta ce da ni, "Kawu, ni na haƙura da wannan keken, ba na iyawa." Abin ya taɓa ni ƙwarai. Yarinya ce mai hannu, mai natsuwa. Ba wanda ya taɓa nuna mata, aka kuma ɗora ta a ranar da ba a koyo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan sallah na kai ta wurin wani dattijon tela, maƙwabcinmu. Ku ji abin da ya yi. Bai bar ta ta taɓa feda ba. Ya kashe keke, ya ɗauki almakashi, ya datse zarurrukan duka huɗu, ya zare su. Ya zura sau ɗaya tana kallo. Ya sake datsewa. Ya miƙa mata hantsaki ya ce, "Bismilla, 'yata." Ranar nan ta zura ta kwance har hannunta ya gaji. Washegari ma haka. Sai a rana ta uku ya kawo buhun ƙyallaye ya kunna mata keke. Yau ita ke gyara wa yaran shagonsu zare in ya tsinke. Wurin wannan dattijo na samo maganar tawa: a koyi zura zare kafin a taka feda.

To, me ya sa keken nan ke ba mai koyo tsoro? Mu leƙa cikinsa.

Keken ɗinkin da muka sani, zare biyu gare shi. Ɗaya a sama, ɗaya a kwarkwaro. Keken wibin ba shi da kwarkwaro sam. A madadinsa akwai wasu ƙugiyoyin ƙarfe biyu da teloli ke ce wa lufa. Akwai ta sama, akwai ta ƙasa. Kowacce da zarenta. Su ne ke kai da komo suna sarƙa zare a bakin yadi, allura kuma tana ɗaure sarƙar. Sannan ga wuƙa biyu. Ta ƙasa a tsaye take, ta sama na sauka a kanta kamar almakashi. Wato aiki uku keken ke yi a lokaci guda: yana datse baki, yana lulluɓe shi, yana ɗinkewa. Kuma da gudu yake yi. Babban keken tebur na iya yin ɗinki fiye da 5,000 a minti ɗaya. Wanda bai san hanyar zare ba, ya buɗe murfin nan ya ga ƙarafa na gilmawa, dole gabansa ya faɗi.

Kuma ba sabon abu ba ne a duniya. Tun shekarun 1880 kamfanin Merrow, a jihar Konetikat ta Amurka, ya fito da irin wannan ɗinki, don masana'antun kayan saƙa. Ku dubi bajon da ke aljihun rigar ɗan makaranta. Kaurin zaren nan da ya kewaye bakinsa, dangin wannan ɗinki ne. An daɗe keken na masana'antu ne kawai. Sai a shekarun 1960 aka ƙera ƙarami na gida a Japan, wanda aka sa wa suna Baby Lock. Yau ga Juki, ga Siruba, ga Jack, ga Emel a shagunanmu. Sunaye daban, amma hanyar aikin kusan ɗaya ce. Wanda ya gane ɗaya, sauran ba za su gagare shi ba.

Yanzu mu zo kan zuciyar maganar, wato zura zaren kansa. Ɗana mai koyo, 'yata mai koyo, ku matso kusa da rediyo.

Da fari, a kashe keke. Kada a ce ai ƙafata ba ta kan feda. A kashe. In kuma moton irin tsohon nan ne mai kulochi, ku sani ko an kashe shi yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Ku jira ƙugin ya mutu tukuna. Yatsa da yawa sun sha allura a cikin wannan ɗan taƙin.

Sannan a buɗe murfin gaba. A yawancin kekuna akwai zane a jikin murfin, ko a ƙarƙashinsa. Kowane zare da launinsa, kowace hanya da ɗigonta. Wannan zane shi ne allonku. Da yawa sun shekara a shago ba su taɓa tsayawa sun dube shi ba. In ya goge, ku roƙi maƙwabci mai irin keken ku ɗauki hoton nasa a waya.

Zarurrukan nan suna da tsari, kamar sahu. A yawancin kekuna da lufar sama ake farawa. Sai lufar ƙasa. Allura ita ce ƙarshe. In allura biyu ce, ta dama kafin ta hagu. Wani keken na da nasa tsarin, shi ya sa na ce a dubi zane. Amma abu ɗaya ba ya canjawa: lufa kafin allura.

Ga dalili, kuma ku riƙe shi da kyau, don nan ne mai koyo ke kuka. Kana cikin aiki, zaren lufar ƙasa ya tsinke. Ka zura shi. Ka taka, ya sake tsinkewa. Ka sake zurawa, ya sake tsinkewa. Sai ka ce keke ya lalace, a kira makaniki. Alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru, ka bar zare a kafar allura ka zura lufa, sai zaren allurar ya harɗe da na lufar a can ƙasa. Duk juyi ɗaya sai ya tsinka shi. Maganin mai sauƙi ne. Ka fara zare zaren allura. Ka zura lufa. Sannan ka mayar da na allura. Shi ke nan. Kuɗin makaniki nawa aka kashe a garin nan saboda wannan abu guda?

Lufar ƙasa ita ce mai wuyar sha'ani, ban ɓoye muku ba. Kafarta na can lungu, yatsa ba ya kaiwa. Sai da hantsaki. Sai kuma an juya kan keken da hannu har lufar ta fito inda ido zai gan ta. A nan ma a lura. Ba duk kekuna ke juyawa ta fuska ɗaya ba. A dubi kibiyar da ke jiki, a bi ta. Kuma a nemi haske. Shagunanmu da yawa a cikin Babbar Kasuwa duhu gare su. Ƙaramar tocila ta wadatar.

Akwai wata dabara da kowane shago ya sani. In za a canja launi, sai a yanke tsohon zare a can sama, a ƙulla sabo a jikinsa, a sassauta, a ja har sabon ya biyo hanya. In ƙullin ya iso kafar allura a yanke shi, a zura da hannu, don kada ya lanƙwasa allurar. Dabara ce mai kyau, tana rage ɓata lokaci. Amma a ganina ita ce ta hana yaranmu iya keken nan. Yaro ya shekara biyu yana ƙulli yana ja. Ranar da ƙulli ya kwance a tsakiyar hanya, sai ya tsaya yana kallon keke kamar yau ya fara ganinsa. Ƙulli na wanda ya riga ya iya ne. Mai koyo ya fara da zurawa daga tushe. A koyi zura zare kafin a taka feda.

To, an zura. Sai me? Sai mu juya ga tenshin, wato abin murɗawar nan da ke ɗaure zare ko ya sassauta shi.

Dattijon nan da na ba ku labari, zare kala huɗu ya sa wa yarinyar. Ja, kore, baƙi da ruwan ɗorawa, a kan farin ƙyalle. Ta yi layi ɗaya, ya ce ta ɗaga ta duba. Nan take ta ga aikin kowanne. Zaren lufar sama na kwance a saman yadi. Na lufar ƙasa na kwance a bayansa. Su biyun suna gamuwa daidai a kan baki, ba wanda ya tsallaka gonar wani. Na allura kuma na tafe a miƙe. Wannan shi ne wibin mai lafiya.

In ka ga zaren ƙasa ya hauro sama, to na saman ya yi tsauri, ko na ƙasan ya yi sako-sako. In ka ga sarƙar na lilo a waje da bakin yadi, zaren lufa ya saki, ko wuƙa na cin yadi da yawa. In bakin na naɗewa kamar tabarma, an ɗaure da yawa. In ka buɗe haɗin ka ja, ka ga ya wage yana nuna zare, na allura ne ke son ɗauri. Da kala ɗaya ba za ka gane mai laifi ba. Da kala huɗu, shi zai nuna kansa.

Ga kuma doka. A murɗa ɗaya, a gwada. A murɗa ɗaya, a gwada. Mai koyo in ya ruɗe sai ya bi duka huɗun ya murɗe, daga nan ya ɓata gaba ɗaya. Kafin ma a taɓa tenshin, a tabbatar zaren ya shige tsakanin 'yan faya-fayan nan biyu. Sau da yawa a kansu yake kwance bai shiga ba. Ko ka murɗa har gobe ba abin da zai canja.

Kuma kowane yadi da halinsa. Abin da ya yi wa atamfa daidai ba zai yi wa shifon ba. Yadin hijabi mai talewa, in ba a kula ba, bakinsa sai ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas. Kekuna da yawa na da haƙora kashi biyu, na gaba da na baya, da abin daidaita gudunsu, don maganin wannan. Ka tambayi maigidanka ya nuna maka. Kowane sabon yadi, a fara gwadawa a kan ragowarsa. Kowane sabon yadi, jama'a, ko da ka shekara goma kana yi.

Yanzu bari mu yi maganar wuƙa. Nan nake so ku ƙara kasa kunne.

Keken ɗinki in ka yi kuskure, sai ka farke ka sake. Keken wibin ba ya ba ka wannan dama. Abin da wuƙa ta ci ya tafi. Don haka idon mai wibin a kan wuƙa yake zama. Allura ta san aikinta. Kai dai ka dubi inda yadi ke shiga bakin wuƙa. Hannun hagu kuma ya riƙa shafa ƙasa, yana tabbatar da babu abin da ya naɗe. Da ɗiyar yayata ta san wannan, da shaddar nan ta tsira.

Kada a bar fil a jikin yadi. Fil ɗaya ya isa ya dakushe wuƙa, ya kuma iya karyewa ya yi tsalle zuwa ido. Kada a ja yadi ta baya, haƙora ne ke tafiyar da shi. In ka ja, allura za ta lanƙwashe ta bugi lufa. In an kai ƙarshe kuma, keken nan ba ya komawa baya. A ci gaba da takawa kaɗan har sarƙar zare ta fito kamar tsawon yatsa, sannan a yanke. A ƙulle jelar, ko a mayar da ita cikin ɗinki.

Wani abu kuma da ya shafi amana. Kada a datse rara kafin mai kaya ya gwada. Yaro na girma. Mace na ƙiba, tana ramewa, tana samun juna biyu. Tela mai tausayi yakan bar rara a ciki, ya yi wa kowane baki wibin daban, don in an dawo a buɗa a samu abin buɗawa. Wanda ya haɗe baki biyu ya datse ƙaf, ya gama da rigar. A wannan tsadar yadi, hakan zalunci ne ko da ba da niyya ba.

Gudu kuma fa? Gaggawa ba ta da amfani a nan. A fara da ƙyalle a miƙe. A yi ta yi har ƙafa ta san nauyin feda. Sannan a shiga kwana, irin ta hammata da wuya. In keken na da moton zamani da ake ce wa sarbo, a rage masa gudu, an huta. 'Yan'uwa mata, a tattare hijabi da gyale daga wajen bel. Maza masu faɗin hannun riga, a naɗe.

Kula da keken ba zan daɗe a kai ba, don kun san garinmu. Wuƙa na yanka, burbushin yadi na taruwa a ciki. Hunturu ya zo da ƙurarsa. A share da buroshi kullum kafin a rufe shago, a lulluɓe. Babban keke na da tagar duba mai, a riƙa leƙawa. Farin man keke ake sawa, ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa. Allurarsa ma sau da yawa daban take da ta keken ɗinki, kuma dogon kwarmin jikinta kai yake fuskanta. In ɗinki ya fara tsallake, a fara canja allura. Sukurorin da ke riƙe da lufa kuwa, mai koyo ya bar su. Wannan gonar makaniki ce.

To, yanzu na juyo gare ku, iyayen gida da iyayen ɗaki, masu shaguna daga titin Hammaruwa har Magami, daga Mayo Gwoi har Mil Shida.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce keken nan da tsada muka saye shi. Yaro ya karya lufa, wa zai biya? Ya yanka kayan mutane, sunan wa zai ɓaci? Gaskiyarku. Ban raina wannan tsoro ba. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, suna gudun kada yaro ya iya komai ya tashi ya buɗe nasa a gefensu.

Amma ku duba. Zura zare a kashe ake koyonsa. Ba ya cin wuta, ba ya cin fetur, ba ya cin yadin kowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da janareta ke lashewa. To ga lokacin da wuta ta ɗauke, yara na zaune suna hira suna jiran a kawo. Wannan lokaci kyauta ne. A datse zare a ba su hantsaki. Ƙyallayen da ake sharewa a zubar kullum, su ne littafin gwaji. Asarar tana wurin yaron da ba a koya wa ba, aka ɗora shi ranar jajibere. Mu a Jalingo cunkoson ma ba ɗaya ba ne. Ga sallah biyu, ga Kirsimeti, ga yunifom in za a koma makaranta, ga ankon biki. Duk ranar da mutum ɗaya tak ya iya keken nan a shago, ranar da ya kwanta ciwo shago ya kwanta.

Kuma akwai haƙƙi. Iyaye sun kawo muku ɗa amana. Sun biya abin da aka yanka musu. Yaro ya yi muku shara, ya yi guga, ya yi aike shekara biyu ko uku. In kuka yaye shi bai iya wibin ba, rabin sana'a kuka ba shi. Zai buɗe shago ya riƙa yawo da kaya a leda yana neman mai yi masa. Ina roƙonku, kada a yi bikin yaye sai yaro ya zura zare huɗu a gabanku, shi kaɗai, ba ƙulli.

Ga hukumomi ma ina da kira. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tun 1986 aka kafa ta, kuma tana da shirin tura matasa koyon sana'a wurin masu shaguna. Gwamnatin jiha da 'yan siyasa da ƙungiyoyi su ma suna horar da mata da matasa, suna raba kekuna. Madalla. Amma a sa keken wibin cikin horon. In ba za a iya ba kowa ba, a haɗa mutum biyar a kan guda. Wibin kaɗai sana'a ce. Akwai masu zama da keke ɗaya, teloli na kawo musu kaya suna biya a kan kowace riga. Matar aure na iya yin wannan a cikin gidanta.

Mai niyyar saye kuma, shawarata kada ka saya sai ka koya. In za ka saya, sabo ko na hannu, tafi da ƙyallenka, mai kauri da mara kauri. Ka zura da hannunka, ka gwada a gaban mai sayarwa. Ka tambaya ko ana samun wuƙarsa da lufarsa da allurarsa a nan kusa. Mai zare uku ya isa daje baki. Mai huɗu na haɗawa ya daje a tafiya ɗaya, shi ya fi dacewa da yadi mai talewa. Ka sayi wanda aikinka ke nema.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Kalmata ta ƙarshe ga mai koyo ce. Ɗana, 'yata, gobe in Allah ya kai mu, ka riga kowa zuwa shago. Ka gaida maigidanka da ladabi. Ka ce, "Maigida, ina roƙon a nuna mini hanyar zaren keken wibin, a kashe." Ki ce wa uwar ɗakinki haka. In an ce sai an jima, a yi haƙuri a sake tambaya jibi. In an nuna, ka datse ka sake, ka datse ka sake, har hannunka ya daina neman zane. Sai a sannan ka taka feda. Ku kuma iyayen gida, in yaron nan ya zo muku da wannan roƙo gobe, don Allah ku yaye tsumman nan ku ba shi kujera.

Allah ya sa albarka a sana'arku, ya tsare yatsunku da idanunku.